Gwani da ɗan koyo a tebur ɗaya: yadda ake auna faɗa a D&D

Da wuya teburin D&D (Dungeons & Dragons, wasan labari da ake yi a tebur da dayis, kowa da jaruminsa) a Nima ko Mamobi ya tara mutum huɗu masu gogewa iri ɗaya. Dama masu wasan ba su da yawa a Akra, don haka duk wanda ya nuna sha'awa sai a matsa masa benci. Sai ka tarar da mutum biyu da suka haddace dokoki tun suna karatu a Legon, ga ƙanin ɗayansu da ya zo kallo aka miƙa masa takarda, ga wata da ta saba da ludo amma yau ta fara riƙe dayis mai fuska ashirin. Muddin ana hira da sarkin gari ne ko ciniki a kasuwar cikin labari, ba a ganin bambanci, wani lokacin ma sabon ya fi iya baki. Da zarar madugu, wato mai jan wasan da ake kira DM, ya ce kowa ya jefa a ga mai fara sara, sai tazara ta fito fili. Gwani ya share rabin abokan gaba a zagaye biyu. Ɗan koyo ya kai sara sau uku bai samu ba, ko ya ruga gaba shi kaɗai aka kwantar da shi kafin ya san inda aka dosa. Mako mai zuwa a kira shi a waya ya ce aiki ya riƙe shi.

Abin da madugai da yawa ke yi shi ne rage wa abokan gaba ƙarfi baki ɗaya. Hakan ba ya warkar da komai. Gwanaye sun ƙara saurin gama faɗan ke nan, ɗan koyo kuwa har yanzu bai taɓa kowa ba, ga gundura ta shigo. A ganina jarumai ne ya kamata su zama daidai wa daida, shi kuwa faɗan a raba shi gida-gida, kowane ɗan wasa ya samu aikin da ya yi daidai da hannunsa.

Alƙaluman da ke nan na bugu na biyar ne, wanda Wizards of the Coast ta fitar a 2014. Ba sai an yi odar littattafai daga waje ba: tushen dokokin da mafi yawan dodannin da zan ambata suna cikin kundin SRD 5.1, wanda aka sake shi kyauta ƙarƙashin lasisin Creative Commons a Janairun 2023.

Jarumai tukuna

Kada a sa sabon ɗan wasa a mataki na 1 alhali tsofaffin tebur suna mataki na 5, wai don ya biya wuyar da suka sha. Mayaƙi a mataki na 1 mai juriya +2 yana da makin rai 12. Takwaransa a mataki na 5 yana da 44, yana sara sau biyu a layi ɗaya. Ƙaton dodon nan Ogre, wanda mataki na 5 ke wasa da shi, kulkinsa yana cin maki 13 a matsakaici, wato bugu ɗaya sabon ya kwanta. In kuwa mai sihirin abokan gaba ya jefo dunƙulen wuta, 8d6 ne, wato dayis takwas masu fuska shida, matsakaicinsa 28. Ko sabon ya ci jifan tsira, wato jifan kauce wa sihirin, rabin 28 ya isa ya kayar da shi. In bai ci ba, 16 ne ya yi saura bayan ransa ya kai sifili, kuma doka ta ce in saurar ta kai cikakken makin ran jarumi, mutuwa ce nan take, babu jifa babu roƙo. Tsakanin matakan nan biyu akwai makin gogewa 6,500, ba zai taɓa kamo su ba. A ba shi mataki ɗaya da kowa, a kuma daina raba makin gogewa ɗaiɗai, kowa ya hau mataki tare idan an kai wata gaɓa a labari.

Mataki na 1 shi kansa tarko ne, ko da kowa a can yake. Ork guda, wanda littafi ke ɗauka ƙaramin abokin gaba, gatarinsa 1d12+3 ne. In ya jefa 20, sai ya zama 2d12+3, matsakaici 16. Mai sihiri a mataki na 1 yawanci makin ransa 8 ne. Takwas ta kai shi sifili, takwas ta yi saura, ya mutu a saran farko na wasansa na farko. Tebur mai haɗe-haɗe gara ya fara daga mataki na 3, ko aƙalla a nisanta shi da duk abokin gaba mai d12 har sai an wuce na 2.

Lambobin hali kuma kowa ya ɗauki jeri guda: 15, 14, 13, 12, 10, 8. Jefa dayis huɗu a zubar da ƙarami yana da daɗi, amma in gwani ya samu 18 sabo ya tsaya a 14, ɗaya na ƙara +4 ɗaya +2, tazarar maki biyu ce a kowane sara, kashi 10 cikin ɗari, har ƙarshen labari. Sannan madugu ya duba takardar sabon da idonsa kafin a fara. Kuskuren da aka fi yi shi ne mai son mayaƙi ya zuba 15 a kwarjini don yana son a riƙa ganin girman jaruminsa, ya bar ƙarfi da 10. Babbar lamba ta tafi inda yake sara da ita, ta biyu ta tafi juriya.

Wane aji? Mayaƙi na reshen Champion shi ne mafi sauƙi, ba shi da abin tunawa sai cewa 19 ma tana zama mugun sara, mai ninka dayis na rauni, kamar 20. Ɗan tauri, wanda takarda ke kira Barbarian, yana yafe kuskure fiye da kowa, domin in ya fusata sara da suka da duka duk rabi suke ci masa. Amma kada a tilasta. In yarinya ta ce ita sihiri take so, a ba ta Warlock: harbi ɗaya ne na 1d10 da ba ya ƙarewa, da guraben sihiri, wato adadin manyan sihirin da za ta iya yi kafin hutu, biyu kacal da za ta lura da su. Druid ne kawai zan ce a jinkirta, saboda kowace dabbar da zai rikiɗa ya zama tana da tata takardar.

Ita takardar jarumi da Turanci take, cike da akwatuna, kuma a tsakiyar faɗa sabo ba ya ganin komai a cikinta. A yanko kwali kamar tafin hannu a rubuta masa da biro, da Hausa ko duk yaren da ya fi kwanta masa. Na mayaƙi a mataki na 3 layi huɗu ne. Takobi: jefa d20, ƙara 5, in ya samu jefa d8, ƙara 3. Mashi: d20 ƙara 5, d6 ƙara 3, nisa gida 6. Maido da rai: d10 ƙara 3, sau ɗaya. Ƙarin sara: sau ɗaya. A kan layuka biyun ƙarshe a ɗora marfin kwalba ɗaya-ɗaya. In ya yi amfani da abin ya miƙa wa madugu marfin, bayan gajeren hutu a maido masa. Sabbin 'yan wasa sun fi mantawa da abin da suke da shi fiye da yin amfani da shi ba daidai ba, marfin nan da ke gabansu shi ke tuna musu.

Lissafin littafi da inda ya gaza

Littafin madugu na 2014 ya ba kowane mataki ma'auni huɗu. Jarumi ɗaya a mataki na 3: faɗa mai sauƙi 75, matsakaici 150, mai wuya 225, mai kisa 400. Mutum huɗu ke nan 300, 600, 900, 1,600. Sai a tara makin gogewar da littafi ya sa wa abokan gaba a ninka gwargwadon yawansu: guda biyu sau ɗaya da rabi, uku zuwa shida sau biyu, bakwai zuwa goma sau biyu da rabi. Dalilin ninkin shi ne sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Dodo ɗaya komai girmansa sau ɗaya yake samun layi a zagaye, jarumai huɗu sau huɗu. Gyararren bugu na 2024 ya cire ninkin, amma abin da ya haifar da shi yana nan a kan tebur.

Lissafin ya ɗauka cewa duk mutum huɗun suna amfani da kayan aikinsu yadda ya kamata. A teburinmu ba haka ba ne. Gyaran da nake ba da shawara, kuma nawa ne ba na littafi ba: a lissafa kowane ɗan koyo kamar yana mataki ɗaya ƙasa da inda yake. Mataki na 2 ma'auninsa 50, 100, 150, 200 ne. Gwani biyu da sabo biyu a mataki na 3 sai su ba da matsakaici 500, mai wuya 750, mai kisa 1,200. Bayan zama huɗu ko biyar a daina ragin.

Amma jimla ba ta faɗa maka wa zai sari wa. Wannan sai a zana.

A ɗauki ayarin goro da ya taso daga Salaga ya nufi Kano, jakai biyar ɗauke da huhu, jarumai huɗu na rakiya: ɗan tauri da mai sihiri a hannun gwanaye, mayaƙi da mai sanɗa a hannun sababbi. A bayan katan a ja gida 20 a tsaye 15 a kwance, kowane gida ƙafa 5. Rafi mai faɗin gida uku ya ratsa tsakiya, kowane gida a cikin ruwa yana cin tafiyar gida biyu. Dutse ɗaya a tsallake. 'Ya'yan ludo su ne jarumai, marafan kwalba 'yan fashi, tsakuwa jakai.

Abokan gaba: shugaban 'yan fashi ɗaya, maki 450, da yaransa huɗu, 25 kowanne. Jimla 550. In an ninka sau biyu 1,100 ne, amma littafin da kansa ya ce kada a ƙirga waɗanda suka yi rauni ƙwarai wajen ninki, wanda zai bar mu a 550. Gaskiyar tana tsakani, kusa da 750 ɗin da ake nema.

Shugaban yana da lambar kariya 15 (lambar da sai jifan mai sara ya kai ta kafin ya same shi), makin rai 65, sara uku a layi ɗaya da +5, wanda in duk sun samu kusan 18 ne. Mai sihiri a mataki na 3 yana da tsakanin 17 da 20, ka ga layi ɗaya ya kusa isarsa. Ɗan tauri yana da wajen 35 kuma rabi ake ci masa. Saboda haka shugaban ya tsallako ruwa yana kirari, ya nufi mafi girman jiki a ayarin. Wannan aikin gwani na farko. Biyu daga yaran suna kan dutse da baka, dutsen ya rufe rabin jikinsu, kariyarsu ta tashi daga 12 zuwa 14, ga rafi a tsakani. Wannan ciwon kan mai sihiri ne, shi zai yanke ko ya kashe gurbi a kan sihirin barci, 5d8, ko ya adana. Sauran biyun ba su zo faɗa ba sam. Sun lallaɓo ta baya sun kama igiyar jakai suna ja, gida huɗu a zagaye, bakin taswira kuma gida goma sha biyu ne daga wurin. In suka fice da jakai, ayari ya yi asara ko da an kashe shugaban.

Waɗannan biyun su ne rabon sababbi, kuma a nan ake gyaran da ya fi kowane amfani. Ɗan fashi a littafi makin ransa 11 ne, amma daga 2d8+2 aka samo shi, wato ko'ina tsakanin 4 da 18 halal ne. A ba su 6. Mayaƙi mai +5 in ya sari shugaban sai ya jefa 10, kashi 55 cikin ɗari, kuma abin da zai ci a matsakaici wajen 4 ne a zagaye cikin 65, alhali ɗan tauri na gefensa yana cin wajen 9. Kowa a tebur zai ga kamar ba ya komai. In ya sari mai jan jaki kuwa 7 kawai yake nema, kashi 70, kuma d8+3 tana kai 6 sau shida cikin takwas. Fiye da rabin lokaci sara ɗaya zai kwantar da mutum, a ɗauke marfin kwalba daga kan katan, jaki ya tsira. Jarumin bai canza ba, takobin bai canza ba.

Bambancin 55 da 70 ya fi yadda ake zato. Kuskure uku a jere a kashi 55 yana faruwa sau 9 cikin ɗari, a kashi 70 bai kai sau 3 ba. Ga wanda ya yi shekara yana wasa, kuskure uku abin dariya ne. Ga wanda yau ya fara, shi ne wasan gaba ɗaya.

Kafin a zauna a gwada tsawon faɗan a takarda. Ran abokan gaba duka: 65 na shugaban, 6 da 6 na masu jan jakai, 8 da 8 na masu baka, wato 93. Abin da jarumai ke ci a zagaye a ƙiyasce: 9 da 8 da 7 da 4, wato 28. Zagaye uku da ɗan ɗori. Uku zuwa huɗu shi ake so. In lissafi ya nuna shida, a rage rai, kada a rage kaifin sara, domin faɗa mai tsawo marar haɗari shi ne mafi muni.

A ajiye ƙarin 'yan fashi biyu a cikin ciyawa, kada a ɗora su a taswira. In zagaye na biyu ya ƙare gwanaye sun riga sun cinye, su fito. In jarumai na shan wuya, babu wanda ya san da su.

Akwai abokan gaba da ke hukunta kuskuren sababbi fiye da yadda makinsu ya nuna. Kyarkeci maki 50 ne kacal, amma in ɗan'uwansa na kusa da wanda yake cizo yana jifa biyu ya ɗauki babba. A kan kariya 16 damarsa tana tashi daga kashi 45 zuwa kusan 70, kuma cizonsa na iya kayarwa ƙasa. Sabo shi ne mai rabuwa da jama'a, shi garke zai kewaye. Sai masu hana motsi, irin dodon maƙabarta Ghoul da farcensa ke sandarar da jiki har minti ɗaya in an faɗi jifan tsira na 10. Zagaye daƙiƙa shida ne a cikin labari, minti ɗaya zagaye goma ke nan, ko da yake ana sake jifa kowane layi. Irin wannan a nufi gwanaye da shi. Su sun san yadda za su fita, kuma zaman jira ba zai kore su daga tebur ba.

Kada kuma a mai da sabo ɗan lele da ba a taɓawa. Yana lura, kuma ba ya jin daɗi. Ɗan fashi ya sare shi, 1d6+1 ne a kan rai 28, sai an same shi wajen sau bakwai kafin ya faɗi. Abin da yake buƙata shi ne gargaɗi kafin babban haɗari. "Shugaban ya bar yayanka, ya juyo ya kafa maka ido, yana goge takobi a riga." Ya samu zagaye ɗaya ke nan na ja da baya ko neman taimako. Haka in zai bar gidan da ke maƙwabtaka da abokin gaba, a gaya masa za a sare shi ta baya, a tambaye shi ko duk da haka zai tafi. A zama ukun farko a bar shi ya janye motsi in bai riga ya jefa dayis ba.

Bakin gwani

Duk wannan zanen banza ne in gwani ya ƙwace layin sabo. Yakan fara ne da kyakkyawar niyya. "A'a ƙanina, kar ka je can. Matsa gida biyu hagu, ka jira in ture shi, sannan ka sara." Kafin ka ankara hannunsa ya kai kan ɗan ludon yaron ya matsar da shi. Yaron ya zama mai jefa wa wani dayis.

Doka biyu sun isa, a faɗe su tun kafin a buɗe taswira don kada wani ya ga da shi ake. Babu mai taɓa jarumin wani. Shawara kuma sai an nema, in an nema a ba da hanya biyu a yi shiru. "Yaya, in sari wannan ko in bi jakin?" "In ka sare shi ka rage mini nauyi, in ka bi jakin mun tsira da goro. Kai za ka zaɓa." In ya zaɓi wadda ba ta fi ba, a bar shi. A al'adarmu ƙarami ba ya son musa wa babba a gaban mutane, don haka nauyin tsare wannan doka a kan madugu yake, ba a kan yaron ba.

Ƙwarewar gwani kuwa akwai inda za a zuba ta. A roƙe shi a gefe ya gina jarumin da ke ɗaga wasu. Sihirin Bless yana ƙara d4 ga saran mutum uku, matsakaici biyu da rabi, wato kashi 55 ya koma wajen 67. Aikin taimako yana ba abokin tafiya jifa biyu, kashi 50 ya koma 75. Ture abokin gaba ƙasa yana ba duk mai sara na kusa wannan fifikon. Mai sanɗa kuma ƙarin 2d6 ɗinsa a mataki na 3 yana samuwa ne in wani nasa na tsaye kusa da wanda zai soka, saboda haka tsayuwar gwani a wurin da ya dace kaɗai ta ninka aikin sabuwar 'yar wasa. Wanda ya nace sai ya ɗauki baiwar nan ta ragin 5 a sara don ƙarin 10 a rauni, ba laifi, amma ya san shugaban 'yan fashi da duk wani mai kauri nasa ne.

Sai lokaci. Mutum biyar, kowa minti uku, madugu minti biyar, zagaye ɗaya minti ashirin ke nan. Wanda ya yi kuskure sau uku ya zauna awa guda bai ga komai ba. Abin mamaki, sau da yawa ba sabo ke cinye lokacin ba, mai sihirin gwani ne da ke laluben waya yana kwatanta sihiri shida. A ba gwanaye minti ɗaya. Sabo ba a sa masa agogo, amma a riƙa sanar da shi tun da wuri: bayan ita kai ne, ka shirya. A jefa d20 da dayis na rauni tare. Madugu ya yi amfani da tsayayyar lambar rauni da ke rubuce a gaban kowane dodo maimakon jifa, wanda kuma yana rage bugun bazata da ke kashe ƙananan jarumai. In d20 ɗaya ne a teburin, kamar yadda aka saba tunda na ludo ne kaɗai ake samu a kanti, a sauke manhajar jifa a waya ɗaya a ba gwanaye, na hannu a bar wa sababbi.

Hutu, abin da aka fi mantawa

An gina bugu na biyar a kan cewa jarumai za su yi faɗa shida zuwa takwas matsakaita ko masu wuya kafin dogon hutu. Zaman da aka fara bayan La'asar aka tashi da kiran Magariba, don masu komawa Madina ko Ashaiman su samu trotro, faɗa ɗaya yake ɗauka, in an yi sauri biyu. In madugu ya bar kowane zama ya ƙare da dogon hutu, mai sihiri a mataki na 3 yana shiga kowane faɗa da gurabensa shida cif, huɗu na matakin farko biyu na na biyu, ya zazzage su duka a zagaye huɗu ba tare da tunanin gobe ba. A mataki na 5 dunƙulen wuta biyu ne a kowane faɗa. Shi kuwa mayaƙi, ajin da muka ba sabo, ƙarfinsa shi ne ba ya ƙarewa, a faɗa na biyar yana nan yadda yake a na farko. Faɗa na biyar ɗin ne ba ya zuwa. Rabin abin da ake kira tazarar gogewa a irin teburinmu daga nan yake.

Maganin ba shi da wuya. Tashi daga tebur ba hutu ba ne. Kowa ya rubuta abin da ya rage masa, mako mai zuwa a ɗora daga nan, madugu ya ɗauki hoton takardun da waya don kada a yi gardama. Dogon hutu sai a cikin gari mai ganuwa ko zangon da ke da tsaro, bayan faɗa huɗu ko biyar. Gajeren hutu kuwa a yawaita shi, bayan kowane faɗa biyu, tunda shi ke maido wa mayaƙi da Warlock kayansu. Littafin madugu yana da wani zaɓi da ya fi wannan tsanani, inda gajeren hutu ke zama awa takwas dogo kuma kwana bakwai, ya kuma dace da labarin doguwar tafiya irin ta ayari.

Masu wasa da Pathfinder bugu na biyu, na Paizo na 2019, su ƙara kiyaye batun mataki, domin a can mataki yana shiga kusan kowace lamba, kuma wuce lambar da ake nema da 10 mugun sara ne. Ga mutum huɗu, 80 ne matsakaici 120 mai tsanani. Tebur mai sababbi ya zauna a 80, ya fi son ƙananan abokan gaba da yawa a kan babba ɗaya da ya ɗara su mataki biyu.

In duk da haka faɗa ya karkace, ban goyi bayan canza abin da dayis ya nuna a bayan labule ba. Gwanaye suna ganewa, kuma daga ranar nasara ba ta da ɗanɗano. Akwai hanyoyi na fili. 'Yan fashi goro suka zo nema, ba gawa ba: wanda ya faɗi sai su tsallake shi su bi jakai, kuma doka ta yarda mai sara na kusa ya sumar maimakon ya kashe. Kada a sari wanda ke kwance, domin sara daga gida na kusa mugun sara ne, yana cin faɗuwa biyu cikin uku na jifan mutuwa, wanda faɗuwa uku a cikinsa ke kashe jarumi. Yaran shugaban su watse in ya faɗi ko in rabinsu sun kwanta. Kwalbar magani, 2d4+2, a sa ta a jakar sabo tun farko, sau da yawa shi zai tashi gwanin da ya faɗi, kuma ba ya mantawa da ranar.

Don sanin ko awon ya yi, madugu ya ja layi uku a gefen takardarsa gaban sunan kowa: sau nawa ya samu, sau nawa aka same shi, sau nawa ya yi abin da ya juya faɗan, ko da yanke igiya ne ko watsa wa wani yashi a ido. In sabo ya tashi da sifili a layi na farko, a rage lambar kariyar rabonsa da biyu a mako mai zuwa. In sifilin a layi na biyu yake, an lallaɓa shi da yawa, a tura masa mutum. In a na uku yake, taswirar ce ba ta da abin taɓawa, a ƙara mata igiya, tukunyar mai, ko gadar katako mai ruɓaɓɓen ƙafa, a sa lambar gwajin a 12.